ASABARI: YADDA AKE KWANCE SHI, A WANKE, A GYARA

Jama'ar Bune da kewaye, darasinmu na wannan karo a kan asabari yake. Kowa ya san shi. Shi ne labulen kara da ake ratayawa a ƙofar ɗaki ko a taga. In ana son haske, a naɗe shi sama. In rana ta yi zafi, ko iska ta taso da ƙura, a sake shi. Yana tare idon mai wucewa, amma iska tana ratsa shi.

A gidaje da yawa, in asabari ya kwana biyu, zare ya tsinke, kara ya fara zubewa, sai a cire shi a tura a murhu. Daga nan taga ta zauna a buɗe, ko a toshe ta da tsumma da kwali. Wannan asara ce. Ku ɗauki tsohon asabari ku duba da kyau. Za ku ga yawancin karan lafiyarsa lau. Zare ne ya mutu. Zare kuwa ana sake shi.

ME KE CIN ASABARI?

Na farko ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Yawancin hazon da take kawo mana daga kwarin Bodele yake tasowa, can cikin ƙasar Cadi. A duniya duka babu wurin da ya fi shi tada ƙura. Mu kuma muna kan hanyarta. Ga rairayin tuddanmu na gundumar Gure a kai. Rairayi yana shiga tsakanin zare da kara. Duk lokacin da aka naɗe asabari ko aka sake shi, rairayin nan yana gugar zare kamar zarto, har ya cinye shi.

Rana ma tana nata. Ita ke busar da zare har ya yi gautsi. Sai ruwa. Ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimetir 300 ba, kuma yawancinsa daga Yuli zuwa Satumba yake sauka. Amma hadari daga gabas yake zuwa, da iska mai ƙarfi. Shi ya sa asabarin da ke duban gabas yake riga sauran lalacewa. Sauran aikin kuma gara ke ƙarasa shi, da ƙwaron nan mai huda kara ya bar gari a ƙasa.

In ana girki a ɗakin, ko ana hura wuta lokacin ɗari, baƙin hayaƙi yana haɗuwa da ƙura ya toshe ƴan kafofin da ke tsakanin kara. Asabarin da ya toshe ya zama bango. Hayaƙi ba ya fita, iska ba ta shiga. Yara su kwana suna tari.

Maganar lafiya ba ƙarama ba ce a nan. Asabari mai kyau yana rage ƙuda a ɗaki. Ƙuda kuwa yana ɗaukar ciwon amodari daga idon wani yaro ya kai ga na wani. Yana rage ƙura. Ƙura da busasshiyar iska suna ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, kuma a lokacinsu ne sanƙarau yake yawa a jihar Damagaram. Amma a ji da kyau: asabari ba magani ba ne. Maganin amodari wanke fuskar yara da sabulu, da gina masai, da shan ƙwayar da likita ke rabawa. Maganin sanƙarau allurar rigakafi, irin wadda aka fara yi wa jama'a da yawa a Nijar a shekarar 2010. Sauro kuma yana ratsa asabari yadda ya ga dama. Sange ne maganinsa.

YAUSHE ZA A YI AIKIN?

Afrilu ko farkon Mayu. Hunturu ya wuce, damana ba ta faɗi ba, sharar gona ba ta kankama ba. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo, ba zai sami sukuni ba.

Amma shirin tun kaka ake fara shi. A watan Oktoba ciyawa ta nuna. A lokacin ake yankan tsaure, ko gamba, ko kacalla a bakin tabki, ko a zaɓi siririn karan gero miƙaƙƙe. A fere ganyen, a shanya a inuwa, a ɗaure dami guda a ajiye bisa rumfa inda gara ba ta kaiwa. Ɗanyen kara ba ya gyara. In ya bushe yana motsewa, ya zame daga cikin zare.

Kayan aiki duka suna cikin gida: tabarma, tsintsiya mai laushi, tsumma, wuƙa, basilla, gawayi, sabulu, rabin bokitin ruwa, taɓarya, da sabon zare.

SAUKEWA DA WANKEWA

A fara naɗe asabari tun yana rataye, sannan a kwance shi daga maratayi. In babba ne, mutum biyu. Kada a zura hannu a bayansa ko cikin naɗin ba a duba ba. Kunama tana son wurin. Haka zanzaro da gizo-gizo. A buga shi da sanda tukuna. A kawar da yara ƙanana. In kunama ta harbi yaro, a kai shi gidan likita nan take, kada a tsaya jiran a gani.

A fita da shi bayan gida, inda iska za ta tafi da ƙura nesa da randa da wurin girki. A ɗaura ƙyalle a hanci da baki. A shimfiɗa shi bisa tabarma, a bubbuga a hankali da tafin hannu. Sannan a share da tsintsiya. A bi tsawon kara, daga wannan gefe zuwa wancan. In aka share a gicciye, tsintsiya tana kama zare ta tsinka. A juya ɗaya fuskar a yi haka nan.

Wanki da tsumma ake yi. A jiƙa shi da ruwan sabulu, a matse, a goge kara. A sake bi da ruwa mai kyau. Kada a tsoma asabari cikin tabki ko a kwarara masa ruwa. Cikin karan gero kamar soso yake. In ya sha ruwa yana daɗewa bai bushe ba, sai hunhuna ta kama shi, ya ruɓe daga ciki.

Ga wata dabara mai sauƙi. A daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a yi gogewar ƙarshe da ruwan. Yana rage ƙwari. Amma kada a shafa maganin ƙwari na gona, ko baƙin mai, ko kananzir. Yara suna taɓa asabari su kai hannu baki. Mai kuma yana kiran wuta.

A bar shi ya bushe a kwance, a inuwa, inda iska ke bugawa. In aka jingina shi a rana da danshinsa, sai ya lanƙwashe, ba ya sake miƙewa.

DUBA KAFIN KA YANKE

Nan ne gaggawa take ɓata aiki. Mutum ya ɗauki wuƙa ya yanke zare duka gaba ɗaya. Kara ya watse a tsakar gida, awaki su tattake, yara su kwashe. Ko an tattara, ba a san na sama da na ƙasa ba.

Ku dubi yadda aka saƙa shi. Kara yana kwance a jere. Zare yana saukowa daga sama zuwa ƙasa, layi-layi. Kowane layi zare biyu ne, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Bayan kowane kara sai su gitta, na gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba. Saƙar ke nan duka. Wanda ya gane wannan ya gane asabari.

A gwada kowane layi. A sa farce a ja zaren kaɗan. In ya yi gari ko ya tsinke, ya mutu. A sa masa alama da gawayi. A gwada kara kuma. A matsa shi da yatsa biyu. In ya lotsa, ko gari ya zubo daga ƴar huda, na cirewa ne.

Abin da aka gani shi zai nuna irin gyaran.

In kara ɗaya ko biyu ne suka karye, zare yana da rai, ba a yanke komi. A zaɓi sabon kara mai kaurin tsohon. A fiƙe bakinsa, a ɗan jiƙa shi. A riƙa jan tsohon ta gefe ɗaya, ana tura sabon a bayansa ta ɗaya gefen. Sabon yana bin ramin da tsohon ya bari cikin zare. Kada a zare tsohon duka sannan a nemi hanya, don zaren yana tsukewa. In ya shiga, a datse bakin daidai da sauran.

In layi ɗaya ko biyu ne suka mutu, a bar tsohon zare inda yake. A saƙa sabon layi kusa da shi, tazarar yatsa ɗaya. A ninka sabon zare biyu, a rataya tsakiyarsa a sandar sama. A riƙa ratsa bakunan tsakanin kara da basilla, ana gittawa, har ƙasa. A ƙulle a sandar ƙasa. Sai sabon ya kama sannan a yanke tsohon a tsince shi. Layi ɗaya-ɗaya ake yi. Ta haka asabari ba ya taɓa watsewa, ko da an kira ka sallah ko baƙo ya yi sallama ka bar aikin.

In fiye da rabin layukan sun mutu, sai kwancewa gaba ɗaya. A shimfiɗa shi sosai bisa tabarma. A ɗauki gawayi a ja layi guda a karkace, daga kusurwar sama ta dama zuwa kusurwar ƙasa ta hagu. Kowane kara ya sami ɗigon gawayi. In an zo mayarwa, layin nan zai nuna wurin kowanne. Karan da ya ɓata layi ba wurinsa ba ne. A ɗora taɓarya a gicciye ta danne, sannan a yanke zare. A cire ruɓaɓɓu, a sa sababbi a gurbinsu nan take.

Kara yana da gindi da kai. Gindi ya fi kauri. Masaƙa na ƙwarai suna juya su: wannan gindinsa dama, na biye gindinsa hagu. In aka jera gindi duka gefe ɗaya, asabari yana fitowa gefe ɗaya ya fi tsawo. Ba ya rataya daidai, in an naɗe shi kuma sai ya tafi a karkace. Ku kula da wannan wajen sa sababbi.

Wajen saƙa, a kafa turaku biyu a ɗaure sandar sama. A fara da layukan gefe biyu, sannan na tsakiya. Gittawa kullum hannu ɗaya ake yi. Kada a ja zare da ƙarfin tsiya, yana yanka kara, kuma asabarin ya ƙi naɗuwa. Kada a sake shi da yawa, kara ya zame. In kaurin zare ne kaɗai tsakanin kara da kara, aiki ya yi.

WANE ZARE?

Siririyar igiyar kaba tana jure rana. Ta rama ma haka, ga laushi. Zaren auduga mai kauri yana da daɗin saƙa, amma ba ya son ruwa. A bar shi ga asabarin da ke ƙarƙashin rumfa. Mutane da yawa yanzu suna warware buhun roba su tufka. Ba a sayen shi, gaskiya ne. Amma rana tana cin shi da sauri, ya koma gari. A ganinmu wahalar banza ce a yi saƙar yini guda da zaren buhu a tagar da rana ke duka.

Wajen kaba, akwai magana. Goruba ita ce garkuwar kwari. Ita ke tare rairayi kada ya binne dabino da garake. Tun farin 1973 da na 1984 ciyawa da itace suka ragu a ƙasarmu, tuddan rairayi suka taso wa kwaruruka, daga nan har Gudumariya. Dokar daji ta 1974 ta sa goruba cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. A yanki ganyen gefe, a bar na tsakiya, don daga nan take toho. Mai gyaran asabari ɗan dami kaɗan yake bukata. Mai sabo kuwa sai ya yanko da yawa.

Zare nawa za a tanada? Ga lissafin. Zare yana zagaya kowane kara, ga shi kuma biyu ne. Saboda haka kowane layi yana cin tsawon asabari sau uku da rabi, har da na ƙulli. Tsakanin layi da layi a bar santimetir 20. Layin gefe ya shiga ciki da santimetir 5. Taga mai faɗin santimetir 70 tana son layi 4. In tsawonta metir 1 ne, kowane layi metir 3 da rabi. Layi 4 metir 14 ke nan. Asabarin ƙofa mai tsawon metir 2 da layi 5 yana cin metir 35. Wanda ba shi da ma'auni ya yi da kamu. Kamu biyu sun yi kusan metir 1. Dogon zare yana sarƙewa. A naɗe kowane baki a ɗan tsinke, a riƙa warwarewa kaɗan-kaɗan.

MAYARWA

Fuskar da ta sha rana bara a juya ta ciki. A rataya shi ya rufe taga har ya zarce gefenta kaɗan. Na ƙofa kada ya taɓa ƙasa. A bar tazarar yatsa huɗu, don gara daga ƙasa take hawa. A sa ƴar sanda mai nauyi a gindinsa, da igiya a kowace kusurwa, don a ɗaure shi in iska ta taso. Asabarin da iska ke bugawa da bango ba ya shekara.

Igiyar naɗewa kada ta yi zobe tana reto ƙasa. Yaro yana sa wuya cikin wasa, ta shaƙe shi, ba wanda ya ji motsi. A ƙasashen Turai da Amurka igiyar labulen taga ta kashe yara ta haka, har hukuma ta sa doka a kanta. A kafa ƙusa sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, a riƙa naɗe igiyar a can.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan labule ba. A Japan da tsagin gora suke saƙa nasu, saƙa iri ɗaya da tamu. A Indiya kuma suna yin wani da saiwar wata ciyawa ƴar'uwar jema. Lokacin zafi su yayyafa masa ruwa, iskar da ta ratsa ta shigo da sanyi da ƙamshi. Mai son gwadawa a bazara ya rataya jiƙaƙƙen tsohon zane a bayan asabari. Kada ya jiƙa karan kansa.

TAGAR ƘARFE TA LAKKOL DA GIDAN LIKITA

A lakkol, da gidan likita, da wasu cibiyoyin karatu, akwai tagar ƙarfe mai falle-falle. Wata a kafe take, wata tana da ɗan hannu da ake ja, fallayen su buɗe ko su rufe. Kayan jama'a ne, shi ya sa ba mai kula. In rairayi ya cika mahaɗanta sai ta cije. Wani ya zo ya danna da ƙarfi, hannun ya karye. Daga ranar ɗalibai suna karatu cikin duhu ko cikin ƙura.

Yawancin irin wannan taga ba ta bukatar kwancewa. A share mahaɗa da tsohon buroshin haƙori. A ɗiga kananzir kaɗan, a jira, a riƙa motsa hannun sannu-sannu har ya saki. Sannan ɗigon mai ɗaya a kowace mahaɗa, a goge saura. Mai da yawa yana kama ƙura ya zama laka. Inda tsatsa ta fito, a goge ta har ƙarfe ya yi haske, a shafa fenti kafin damana. Kusa da kwarin kanwa da gishiri tsatsa ta fi sauri, sai a ƙara sa ido.

Kafin a cire falle, a duba da me aka kama shi. In ƙusa mai murɗi ce, ana kwance ta. In walda ce, a bar wa mai walda, a kai masa ranar kasuwar Gidigir ko a Gure. A rubuta lamba a kowane falle da alli, daga sama zuwa ƙasa: 1, 2, 3. A zuba ƙusoshi cikin gwangwani. Falle mai lanƙwasa a ɗora shi bisa katako a miƙe shi da guduma a hankali. Wanda ƙarfe ya yanka, ya wanke da sabulu, ya je a yi masa allurar tetanos. Kuma kada kowa ya kwance tagar jama'a shi kaɗai. A shaida wa malam ko kwamiti tukuna.

A ofisoshin Damagaram da Yamai za ku ga wani labule na siraran fallayen roba ko gorar ruwa. Shi ma ɗan'uwan asabari ne. Fallayen suna zaune bisa zare mai kama da tsani, igiya kuma ta ratsa hudar kowanne. Ana cire ƴan marufan da ke sandar ƙasa, a kwance ƙullin igiya, a ja ta sama har ta wuce fallen da ya karye. A zare shi, a sa wani, a mayar da igiya ta hudojin, a ƙulle.

AIKIN LISSAFI

Wata cibiyar karatu tana da taga 3. Kowace faɗinta santimetir 90, tsawonta santimetir 120. Ɗalibai suna son sake zaren asabaransu duka.

Layi nawa kowane asabari yake so?

Zare metir nawa layi ɗaya zai ci?

Metir nawa za a tufka don tagogin 3?

Ku yi a allo ko a littafi, ku nuna wa malaminku.